Injin da Ke Neman Izinin Surukina

Shekarar da 'ya'yan surukina maza suka karɓi harkar kifi daga hannunsa, ba wanda ya yi masa rashin kunya. Da ma sun yi, da ya samu abin faɗa. Cewa suka yi Baba ya sha wahala ta isa, yanzu lokacin hutu ne. Suka kwashe firiza suka kai kasuwar kifi, suka bar masa zaure da tabarma da faifan sola a kan rufi. Mutumin da a da ba a sauke kwalin banda daga mota sai ya ce a sauke, ya koma wanda ake gaisarwa a wuce. Kowa na girmama shi, ba mai tambayarsa komai. Ko miyar da za a yi a gidan an daina jin ra'ayinsa, wai don kada a dame shi.

Ni a lokacin ina rubuta wata manhajar waya ga ƙungiyar manoman shinkafa ta fadamar Haɗeja. Aikinta ba yawa. Akwai mutanenmu a bakin kogi, daga wajen Miga har ƙasa, kowa da sandar awo a kafe cikin ruwa. Su duba inda ruwa ya kai su shigar a waya, manhajar ta tattara ta gaya wa na ƙasa abin da ke tafe, don mai shinkafa a kwari ya san ko zai jira ta ƙarasa nuna ko zai sa lauje yau. Wanda bai taɓa ganin gonarsa ta zama tafki tsakanin Juma'a da Asabar ba zai ce wannan wasa ne.

Abin da nake rubutawa ba shi ke shiga waya kai tsaye ba, sai an haɗa shi, kamar yadda shinkafa sai ta bi ta injin casa kafin ta ga tukunya. Mai wannan aikin wata tsohuwar kwamfuta ce da muke kira injin haɗawa. Da na tura gyara daga gida, ita da kanta za ta ɗauka, ta haɗa, ta gwada, ta tura wa wayoyin mutane, ba sai kowa ya taɓa ta ba. Buƙatarta biyu ce, wuta da ba ta yankewa da intanet. A unguwarmu kuwa wuta baƙuwa ce, in ta zo yara har ihu suke yi. Gidan da na sani mai sola tana zaune ba aikin yi ɗaya ne tak, zauren surukina.

A nan ne sai na yi bayanin yadda magana ke tafiya tsakanina da Baba. Ni suruki ne. Takalmina a waje nake barinsu, in durƙusa a bakin ƙofa, idona a kan tabarma. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa ce masa a'a ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba, "injiniya" yake cewa in ta kama. Matata kuma 'yar farinsa ce, ita ma ba ya kiran sunanta, ba sa doguwar magana, in sun haɗu a tsakar gida kowa sai ya samu abin kallo a wani wuri. Saboda haka duk abin da nake so ya kai kunnen Baba, matata nake gaya wa, ita ta gaya wa gwaggonta, ƙanwar Baba da ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta, gwaggo ta zaɓi lokaci ta shigar. Ta wannan hanya na nemi wurin ajiye inji, ta nan amsa ta dawo, kalma biyu: a kawo.

Na kai. Baba ya sa aka fito da kujerar tsugunno mafi kyau a gidan aka ɗora shi. Ya samo wani tsohon rawani ya lulluɓe allon. Ya hana jikoki shiga zaure da ƙwallo. Na ji daɗi ƙwarai, na ce wa matata ko a kamfani ba a samun mai kula irin wannan.

Saura abu ɗaya da ya kamata a sani. Injin ba ya haɗa manhaja da hannu wofi, yana da tarin kayan aiki da ake saukowa daga intanet, mu masu sana'ar muna ce masa kit. Kit kuwa lamba-lamba ne, masu yinsa ba sa gajiya da fitar da sabo. Nawa mai lamba sha ɗaya ne, tsoho, kuma da gangan na zaɓe shi. Wayoyin mutanen fadama ba na yau ba ne. Wata gilashinta ya tsage an ɗaure ta da roba, wata ta bi hannun mutum uku kafin ta iso. In aka haɗa manhajar da sha ɗaya, duk suna ɗauka. In aka haɗa ta da sabon kit mai lamba sha bakwai, sababbin wayoyi ne kawai ke buɗe ta.

Damina ta fara sauka, sai wani manomi ya kira ni daga wajen Miga.

"Malam, abin nan naka ya samu matsala. In na taɓa shi sai ya buɗe ido ya rufe, kamar mai jin barci."

Na duba wayata, lafiya lau. Na duba injin daga gida, ya nuna kore, wato a ganinsa aiki ya yi kyau. Sai da na tona na ga da sha bakwai ya yi haɗin. Ni ban sa masa sha bakwai ba. Na goge shi, na mayar da sha ɗaya, na sake haɗawa, mutumin Miga ya kira ya yi godiya. Washegari na tura wani ɗan gyara, kafin azahar ga shi ya sake kira, da wasu biyu daga wajen Malam Madori. Sha bakwai ya dawo ya zauna daram.

Ba abin da ban zarga ba. Na zargi ƙwayar cuta ta kwamfuta, na zargi sola, na zargi kaina. Matata ta ce ko a samo tazargade a turara zauren, ban tabbatar da wasa take ba. Ni dai kullum da yamma in goge, kullum da safe ya dawo.

Ranar Juma'a na je gaisuwa da wuri, na tarar Baba da wani baƙo. Ina durƙushe a bakin ƙofa Baba ya gama wuridinsa, ya ajiye carbi, ya matsa gaban injin. Ya yaye rawani a hankali. Ya sa tabarau. A tsakiyar allon ga wani ɗan akwati da rubutun Turanci da maɓalli biyu, ɗaya shuɗi ɗaya toka-toka. Ashe duk lokacin da na goge sabon kit, injin sai ya lura an fitar da sabo shi ba shi da shi, sai ya yi tambaya. Wani malamin makaranta maƙwabci ne ya taɓa karanta wa Baba, ya ce masa injin cewa yake an fito da sabon abu, ko ka yarda in karɓa.

Baba ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa, ya danna shuɗin.

"Na yarda," in ji shi, ga injin. Sannan ya juya ga baƙon. "Kullum haka yake. Ba ya yin komai sai ya tambaye ni. Ka ga ladabi? Wani ɗan da ka haifa ma ba zai yi maka haka ba."

Baƙon ya jinjina kai. Ni kuma, mai takardar shaidar ilimin kwamfuta, wanda ya kwashe makonni yana kokawa da aljanin da ke canja masa kit, na ga aljanin da idona, da tabarau da farin gemu, na buɗe baki na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba." Na ja da baya na sa takalmina.

A gida na ce wa matata abin ai mai sauƙi ne, minti ɗaya ya ishe ni in kashe tambayar gaba ɗaya, kada ta sake fitowa. Tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba.

"Gwaggo ta ce tun da aka kai injin nan yake cinye tuwonsa," ta ce. "A da rabi yake mayarwa."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. A duk garin Haɗeja abu ɗaya ne ya rage da ke neman izinin Baba, kuma shi ne abin da ke kashe min aiki. Ina so saƙon ruwa ya isa tsofaffin wayoyi, ba na kuma so in zama wanda ya ƙwace wa tsoho abu na ƙarshe da ke tambayarsa. Na yanke shawarar a roƙe shi ya riƙa danna ɗaya maɓallin, mai toka-toka. Tambaya tana nan, amsa ce kawai za ta canja.

Abin da na ce wa matata shi ne, a gaya wa Baba ya daina danna shuɗi, yana ɓata aiki. Ta dube ni kamar na ce ta je ta mare shi. Abin da ta ce wa gwaggo, kamar yadda na ji daga baya, shi ne Malam yana roƙo, in ba damuwa, Baba ya ɗan riƙa sassauta wa injin. Gwaggo ta auna wannan ta ga har yanzu da sauran kaifi, ta jira ya ci ya ƙoshi, ta ce masa, "Yaya, surukinka ya aiko. Ya ce ba shi da bakin godiya kan yadda kake ɗawainiya da injin nan, har yana jin nauyi." Amsa ta dawo min a rana ta uku. Baba ya ce haba, ai yi wa kai ne, kuma daga yau zai riƙa duba shi har bayan azahar da la'asar.

Ba zan ce wata a cikinsu ta yi ƙarya ba. Kowacce ta yi abin da tarbiyya ta ce, ta rage wa maganar zafi kafin ta miƙa gaba. Ni ne dai na rasa 'yar dabarar da nake da ita. A da in na goge sabon kit da yamma, ina da har wayewar gari in tura gyara lafiya. Yanzu in na goge, kafin in gama rubutu Baba ya idar da salla ya dawo da shi.

Har tambaya na kai wani dandalin intanet inda masu irin sana'armu na duniya ke taimakon juna. Na rubuta da Turancina mafi kyau, na ce wani dattijo da nake girmamawa yana sabunta min kit ba da sanina ba. Na farko ya ce in gaya masa ya daina. Na biyu ya ce in kulle ɗakin. Na uku ya tambayi me ya sa dattijon yake da damar taɓa injin tun farko, ya ce wannan sakaci ne. Na zauna ina tunanin yadda zan bayyana musu cewa ɗakin nasa ne, wutar tasa ce, 'yar da ke dafa min abinci ma tasa ce. Na rufe shafin.

Sai na tuna akwai mutum ɗaya a duniya da zai iya gaya wa Baba komai. Baba asalinsu Barebari ne, kakansa daga wajen tafkin Chadi ya taso. Yana da wani tsohon aboki Bafulatani, makiyayi daga wajen Birniwa, da ke biyowa duk ranar kasuwa. Tsakanin Babarbare da Bafulatani kuwa kowa ya san wasa ne, ba zagin da ba ya halatta, kowa na kiran ɗan uwansa bawansa. Na same shi a kara yana taya wani cinikin bijimi, na ja shi gefe na yi masa bayani dalla-dalla. Idonsa har ƙyalli yake. Ya ce in bar masa, shekara da shekaru yana neman irin wannan.

Na riga shi zuwa, na durƙusa a wurina. Ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kai bawana! Ashe kai ne kake lalata wa yaron mutane inji? Kullum ka danna shuɗi, wayoyin talakawa su mutu. Ɗaya maɓallin ake so ka danna, mai toka. Babarbare da kwamfuta, ina aka taɓa yi? Ka tsaya a kifinka mana."

Wallahi ko ni ba zan iya tsara bayanin fiye da haka ba. Komai ya faɗa, daidai, ba ragi. Na saci kallon Baba. Dariya yake har yana share hawaye da bakin riga.

"Ji Bafulatani! Kai da ba ka san bambancin waya da ƙwaryar nono ba, kai za ka koya min inji? Hassada ce ke cinka, saniyarka ba ta taɓa neman izininka ba. Matso ka ga yadda manya ke yi."

Ya yaye rawani, ya yi bisimilla, ya danna shuɗi a gaban idonmu. Suka ci gaba da zagin kakannin juna har aka kawo fura. Da Bafulatanin zai tafi ya tsaya kusa da ni yana gyara sandarsa a kafaɗa. "Na gaya masa fa," ya ce, "kai shaida ne." Ni shaida ne kuwa. Maganar da ta fito daga bakina kunya ta cinye ta a hanya, wadda ta fito daga bakinsa kuma an ɗauke ta wasa.

Ana cikin haka ruwa na ƙaruwa. Agusta ta shigo, an ce an fara sakin ruwa daga madatsun sama, ciyawar kacala kuma ta toshe mashigai kamar kowace shekara, ruwan bai da inda zai bi sai gonaki. Ƙauyuka na ta neman a saka su cikin manhajar, kowane sabon ƙauye kuwa sai na tura gyara, kowane gyara caca ne, ko ya faɗa hannun sha ɗaya ko hannun Baba. Mutumin Miga ya daina kira. Da na neme shi ya ce ba komai, ya koma kafa karansa a bakin gona yana dubawa da ido, shi karan ba ya rufe ido. Ya faɗa da dariya, amma ni tsoro ne ya kama ni. Kara yana gaya maka ruwan da ya riga ya iso ne, ba wanda ke hanya ba.

Tsoron ne ya sa na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Kuskuren tsarin shi ne na bar wa injin zaɓi, duk kit ɗin da ya ɗauka a matsayin na gaba da shi yake aiki. Sai na rubuta lambar a cikin fayil ɗin manhajar kanta, sha ɗaya, ƙarara. Na ajiye kit ɗin a wani lungu nasa daban inda mai sabuntawa ba ya leƙawa, na nuna wa aikin haɗawa hanyar lungun. Na ƙara sharaɗi, in ya duba ya ga wata lamba ba sha ɗaya ba, ya tsaya cak ya nuna ja, kada ya tura wa kowa komai. Yini guda ya ci min. Sha bakwai kuwa na bar shi a inda Baba ya sa shi, ya zauna ya huta, ba mai tambayarsa komai.

Aiki ya yi. Na kira Miga, na kira Malam Madori, na sa aka gwada a wayar da aka ɗaure da roba, ta buɗe ta tsaya. Na ce wa matata an gama, Baba ya danna abin da ya ga dama. Har tsire na sayo.

Abin da ban lissafa ba shi ne, tunda na daina goge sabon kit, injin ba shi da sauran abin tambaya. Yana da sabo, me zai nema? Akwatin ya daina fitowa.

Na lura saƙon da ke gangarowa daga sama ba a rage masa komai a hanya, yadda aka faɗa haka yake isowa. Matata ta dawo daga gidansu ta tsaya a ƙofar ɗaki da mayafinta.

"Baba ya ce injin ya daina yi masa magana. Ya ce a tambaye ka ko wani laifi ya yi."

Gwaggo ta ce kullum sai ya yaye rawanin ya zauna yana jira, har rana ta shigo zauren, sannan ya mayar ya rufe. Tuwo ya koma dawowa rabi. Abin da na yi ta kauce wa da hannun dama, na aikata shi da hannun hagu ban sani ba.

Sai na yi dabara, kuma a lokacin na ji kaina gwani. Na rubuta wani ɗan akwati nawa, mai fitowa kowace safiya, da Hausa: "Baba, ina kwana. Akwai sabon gyara. A tura wa mutane?" Maɓalli biyu, shuɗi an rubuta I, mai toka an rubuta A'a. Ban haɗa su da komai ba, matata kaɗai na gaya wa haka. Duk wanda ka danna, akwatin ya ce na gode ya ɓace, injin ya ci gaba da abin da yake yi. Na aika ta hanyar da aka saba cewa injin ya yi shiru ne yana koyon Hausa. Wannan saƙon, da yake ba shi da kaifi, ya isa lafiya.

Zauren ya zama wurin kallo. 'Yan unguwa na zuwa ganin injin da ke gaida Baba. Bafulatanin ya ce ko inji ya san Barbarci ba yare ba ne, shi ya sa ya zaɓi Hausa. Tuwo ya koma ƙarewa. Kowa ya samu abin da yake so, na ɗauka labari ya ƙare ke nan.

Ruwa ya kai maƙura a Satumba. A kwarin da ke ƙasa da gari mutane a kwalekwale suke yankan shinkafa, wasu ruwa har ƙirji, dami a ka. Manhajar na aiki, ni kuma hannuna ba ya zama, kusan kullum sai na tura wani abu, yau in canja launi, gobe in matsar da maɓalli inda nake ganin ya fi. Wata ranar da hantsi sai ga gwaggo da kanta a gidanmu, abin da ba ta saba ba. Ta zauna, aka gaisa, ta ƙi shan ruwa sai ta sauke abin da ta ɗauko.

"Yaya ne ya aiko ni. Ya ce a gaya maka kwanan nan yana hana injin. Ya ce mutane na cikin ruwa, hannu ɗaya lauje hannu ɗaya waya, ba lokacin canja musu abu ba ne, a bar musu wanda idonsu ya saba da shi har ruwa ya janye." Ta gyara zama. "Ranar farko ya daɗe a gabansa kafin ya danna, har na ce ko ba shi da lafiya ne. Ya ce kuma a ba ka haƙuri in ya yi maka shisshigi a aikinka, ya san kai ne mai ilimin abin."

Na ce ba komai, Allah ya ƙara girma. Ta sha ruwanta ta tafi.

Ko Baba na da gaskiya ko ba shi da ita, ba wannan ya tsaya min a rai ba. Gyare-gyaren da na tura a kwanakin duk sun tafi, ba wanda ya kawo ƙara. Abin da ya tsaya min shi ne, tun da aka ce ya huta, wannan ne karo na farko da ya ce a'a ga wani abu. Ya zauna ya auna, ya tuna mutanen da ya yi shekaru yana sayen kifi a hannunsu, ya ji nauyina, ya danna duk da haka, har ya aiko ƙanwarsa ta ba ni haƙuri. Maɓallin kuwa ba ya zuwa ko'ina. Irin wayar roba na ba shi, wadda ake saya wa yaro a kasuwa don ya bar ta uwarsa. Kunyar da nake yi a bakin ƙofarsa ta al'ada ce, na iya ta, ba ta min ciwo. Wannan ta daban ce, ta hana ni cin abincin rana.

Da la'asar na buɗe kwamfuta na haɗa maɓallin da gaske. Injin zai ɗauki gyarana, ya haɗa da sha ɗaya, ya gwada, sannan ya tsaya. Ba ya tura wa kowa sai an danna I a zauren. Ban gaya wa kowa ba, don ba abin da zan faɗa. A wurin Baba da ma haka abin yake.

Ruwa ya fara janyewa. A wajen gari har an fara share fadama don noman rani. Ina da gyara a shirye, na gaske wannan karon, wanda na yi mako ina aikinsa kuma nake ɗokin ya fita. Injin ya haɗa, ya nuna kore, ya zauna jira. Kowace safiya in duba, yana nan. Layi ɗaya zan goge ya wuce, na san layin, ni na rubuta shi.

Ranar Juma'a na je gaisuwa. Na bar takalmi a waje, na durƙusa. Baba ya ajiye carbi, ya yaye rawani, ya sa tabarau. Akwatin ya gaishe shi. Ya karanta a hankali yana motsa leɓe, ko da yake ya haddace shi tuni. Yatsansa ya tsaya a sama. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, injin ya yi wa magana.

"Ka gaya wa injiniya, mutanen ƙasa wajen Guri har yanzu ba su fita daga ruwa ba. Ya ƙara haƙuri."

Ya danna A'a.

"To, Baba," na ce, ina kallon tabarma.

A gida matata ta tambaye ni ko abin da na yi ta fama da shi duk makon nan ya fita. Na ce bai fita ba. Ta ce me ya hana, ba ka ce ya haɗu ba? Na ce ya haɗu, Baba ne bai yarda ba tukuna.

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Bai yarda ba kamar yaya? Ba ka ce maɓallin…"

"Na haɗa shi."

'Yar fari ce, ba ta maganar mahaifinta, ko yabo ko akasinsa. Ta juya wa tukunya ta daɗe tana juya miyar da ba ta buƙatar juyi. Da ta kawo abinci na buɗe kwano, sai na ga tsakiyar kifin gaba ɗaya a nawa, ita ta ɗauki wutsiya.